Fuskokin Itace na Dodannin Afirka ta Yamma: Sunan Abu, Sunan Aiki da Sunan Masassaƙi

1.0 Gabatarwa

Mai ziyarar gidan adana kayan tarihi na Legas, wanda aka buɗe a 1957, ko na Jos da ya girme shi da shekara biyar, zai tarar da sassaƙaƙƙun fuskoki na itace a jere, wasu a rataye, wasu a cikin akwatunan gilashi. Galibi akan liƙa wa kowace 'yar takarda mai ɗauke da sunan al'ummar da ta fito daga cikinta da sunan yankinsu. Abin da ba kasafai ake gani a takardar ba shi ne sunan mutumin da ya sari itacen ya fitar da fuskar daga cikinsa. A manyan gidajen tarihi na Landan da Faris da Balin ma haka abin ya daɗe yana tafiya. Daga wannan shiru ne aka gina wani ra'ayi da ya yi shekaru yana yawo a littattafan Turai, wai masassaƙin Afirka ba shi da suna kuma ba ya neman suna, ƙabilarsa ce take sassaƙa ta hannunsa, shi kuwa maimaita abin da ya gada kawai yake yi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa shirun na masu tara kayan ne, ba na masu kayan ba. Waɗanda suka kwashi itacen sun baro maganar da ke tare da shi a gida, domin ba su jin harshen da ake yin ta. Saboda haka manazarcin harshe yana da babban rabo a wannan batu, tun da yake sunan abin, da sunayen matakan aikinsa, da sunan mai yin sa, duk a cikin harshe aka adana su. Za a fi ba da ƙarfi ga ƙasar Yarbawa, domin a can ne aka fi rubuta bayanan masassaƙa daga bakinsu, amma za a riƙa leƙawa Mali da Kwaddibuwa da Saliyo gwargwadon buƙata.

2.0 Me ake kiran abin?

Tun daga bakin ƙofa mai rubutu da Hausa zai ci karo da matsala. Hausa ba ta da kalma guda da ta zauna daidai a gurbin kalmar *mask* ta Ingilishi. Akwai amawali da niƙabi da lulluɓi, amma duk na tufa ne, kuma manufarsu kamala ce ko kunya ko kare ƙura. Daga 2020, lokacin annobar korona, an faɗaɗa ma'anar takunkumi, wanda asalinsa na bakin dabba ne, ya haɗa da ƙyallen rufe hanci da baki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a ɗora wa itacen da ake rawa da shi. Kalmar da Bahaushe ya sani ita ce dodo, shi kuwa dodo halitta ce sukutum, mai tafiya, mai murya.

Wani zai ɗauki wannan a matsayin giɓi a Hausa. Amma idan aka duba harsunan da suka mallaki abin, sai a ga Hausa tana tare da masu rinjaye. Yarbawa suna cewa *eégún* ko *egúngún*, Ibo suna cewa *mmanwụ* ko *mmụọ*, Ibibiyo *ekpo*, mutanen Dan na iyakar Laberiya da Kwaddibuwa *gle*, Dogon na Mali kuwa *imina*. Babu ɗaya a cikinsu da take nufin itacen shi kaɗai. *Ekpo*, alal misali, tana nufin kurwar mamaci, da ƙungiyar mazan da ke fito da ita, da kuma wanda ya fito ɗin. *Gle* wani ruhun daji ne wanda, a imanin Dan, yakan zo wa mutum a mafarki ya nemi a yi masa jikin da zai shiga gari da shi. Itacen wani yanki ne na jikin nan, tare da tufa da zaren tukurwa da salon tafiya. A wajen Dogon, jajayen zaruruwan da ke lulluɓe da mai rawa ba su gaza itacen daraja ba. Idan Bayarabe yana son ya keɓe sassaƙaƙƙen ɓangaren *Gẹ̀lẹ̀dẹ́*, *igi* yake ce masa, wato itace, ba wani abu ba.

Aikatau ma yana da nasa bayanin. A Yarbanci ba a cewa wane ya sa *eégún* kamar yadda ake sa riga, sai dai a ce ya ɗauke shi, da aikatau *gbé*. Ko wannan ma ba a furta shi a bainar jama'a, domin wanda ya fito dandali *ará ọ̀run* ne, baƙo daga lahira. Wanda ya karanta *Things Fall Apart* na Chinua Achebe (1958) zai tuna cewa yaye fuskar dodo a gaban mutane, a ƙauyen Ibo na labarin, daidai yake da kashe ɗaya daga cikin kakanni.

Kasancewar Hausa harshen kasuwa a tsakiyar Nijeriya ya sa kalmar dodo ta hau kan abubuwa masu yawa da kowane yake da sunansa a gida, kamar *abwoi* na Atyap a kudancin Kaduna da dodannin Jukunawa da Mumuye da Camba, har ta shige cikin rahotannin Turawan mulki. Wannan aro yana da illa. Dodon Bahaushe na tatsuniya ne, mai cin mutane, abin razana yara, alhali da yawa daga cikin waɗannan halittu an yi su ne domin a yaba kyawunsu. *Agbọghọ mmụọ* ta Ibo budurwa ce mai farar fuska da siririn hanci da kitso mai tudu. Ibibiyo sun raba nasu gida biyu, *mfon ekpo* mai kyau da haske, da *idiok ekpo* mai baƙar murɗaɗɗiyar fuska. Duk da haka kalmar tana da falala guda, wato tana kiran abin gaba ɗayansa. Don haka a wannan maƙala za a ce dodo idan ana nufin halittar duka, a ce fuskar itace idan ana nufin abin da ya fito daga hannun masassaƙi. Wannan suna na biyu na lalura ne, domin da yawa ba a fuska ake ɗaura su ba: na *Gẹ̀lẹ̀dẹ́* a bisa kai take zama a karkace, *ci wara* ta Bamana a kan hular saƙa ake ɗaure ta, *d'mba* ta mutanen Baga na Gini a kafaɗa ake ɗauka, *sowei* ta Mende da *Ẹpa* ta Ekiti kuwa kan gaba ɗaya suke haɗiyewa kamar an kifa tukunya.

Ba za a bar wannan sashe ba sai an ambaci burtu. Maharban Hausa da na Nufawa sukan sassaƙa kai da dogon wuyan wannan tsuntsu da itace, su rufe da fata, wani lokaci su ƙawata da jajayen 'ya'yan idon zakara. Maharbi ya ɗaura a goshi, ya durƙusa cikin ciyawa yana kwaikwayon kiwon tsuntsun har ya kusanci naman daji. Yawancin Hausawan birni a yau ba su taɓa ganin abin ba, amma kowa ya san ma'anar a ce wane ya yi shigar burtu. Itacen ya tafi gidan tarihi, maganar ta zauna a baki. Haka kuma kalmar dodo ta bi fatake har Wagadugu, inda wasan da yara ke yi da dare a watan azumi, suna rufe fuska da fafaffiyar ƙwarya, yake amsa wannan suna. Ana danganta shigowarsa da Hausawan da suka zauna a garin a ƙarni na 19, kuma kamarsa da tashe ba ta ɓuya.

3.0 Su wane ne masassaƙan?

Babu tsari guda da ya game yankin. A wajen Bamana na Mali sassaƙa aikin *numu* ne, wato maƙera, rukunin gado da ke auratayya a tsakaninsa, matansu kuma su ne maginan tukwane. Hannun da ya ƙera fartanya shi ne yake sassaƙa *ci wara*, barewar itacen da ake rawar noma da ita, wadda sunanta ya haɗa *ci*, aikin gona, da *wara*, naman daji. Hujjar da ake bayarwa ita ce ƙarfe da itace da yumɓu duk suna ɗauke da wani ƙarfi mai haɗari da ake kira *nyama*, wanda ba kowa ke iya taɓawa ya kwana lafiya ba. Patrick McNaughton ya yi cikakken bayanin wannan a littafinsa na 1988 kan maƙeran Mande. Senufo na kewayen Korhogo suna da *kulebele*, masassaƙa zalla masu unguwarsu daban. A birnin Benin akwai *Igbesanmwan*, ƙungiyar masu sassaƙa itace da haure domin Oba. Daga irin hannunsu ne fuskar Sarauniya Idia ta fito, wadda aka kwashe a 1897, aka kuma mai da hotonta tambarin FESTAC a 1977, ko da yake ita ta haure ce, kuma a ƙugu ake rataya ta. Dogon sun saɓa wa duk waɗannan: saurayin da zai yi rawa a bikin *dama* na sallamar mamata shi ne yake sassaƙa tasa a cikin kogo, nesa da idon mata, dattawa suna duba masa. Marcel Griaule ya ƙidaya iri 78 a littafinsa na 1938.

Al'amarin Mende na Saliyo ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. A kusan ko'ina maza ne ke shiga cikin dodo, ko da dodon mace yake wakilta. A ƙungiyar mata ta Sande kuwa mace ce take ɗaukar *sowei*, amma namiji ne yake sassaƙa ta. Ke nan masassaƙi yana yin abin da ba shi da ikon sanin asirinsa, kuma dole ya gamsar da idon da ba nasa ba: faffaɗan goshi, ƙaramin baki a rufe, idanu a lumshe, wuya mai gammo-gammo, kitso mai tsari, da baƙi mai sheƙi kamar abin da ya fito daga ruwa. Idan shugabannin Sande ba su ga kyanta ba, ba za su karɓa ba, in kuma sun karɓa, su ne za su haɗa ta da *hale*, maganin da zai mai da ita abin da take. Aikin masassaƙi ya ƙare kafin nan.

A Yarbanci masassaƙi shi ne *gbẹ́nàgbẹ́nà*, daga *gbẹ́*, sassaƙa, da *ọnà*, zane ko ado ko fasaha, aka ninka su kamar yadda aka yi a *jagunjagun*, mayaƙi, da *pẹjapẹja*, masunci. Inda Hausa ta yi amfani da ɗafa-goshin ma- ta samar da masassaƙi, Yarbanci ninki ya yi. A lura cewa karin sauti kaɗai ya raba *ọnà*, fasaha, da *ọ̀nà*, hanya, abin da ya sha rikita masu rubutu ba tare da alamar karin sauti ba. Muhimmin abu shi ne kalmar tana shiga cikin sunan yanka na 'ya'yan gidajen sana'a. Duk inda aka ji Ọnàbánjọ ko Ọnàyẹmí ko Ọlọ́nàdé, an san akwai fasaha a zuriyar, ko da mai sunan ya zama lauya ko gwamna. Al'ummar da ta sa sana'ar a cikin sunan jariri, da wuya a ce ba ta damu da sanin mai sana'ar ba.

4.0 Daga daji zuwa dandali

Kayan aikin ba baƙi ba ne ga masassaƙin Hausa mai yin turmi da akushi da allo: gatari na sara, gizago manya da ƙanana, wuƙaƙe, da ƙarfen da ake gasawa a wuta domin huda ido. Sau da yawa ma mai sassaƙa fuskar dodo shi ne mai yi wa garin kujera da ƙota da muciya, da damina kuma manomi ne. Ba a zana komai a jikin gungumen kafin a fara, ba a kuma haɗa guntaye. Daga itace guda ake fitar da abin duka.

Zaɓen itace yana bin aikin da za a yi da shi. Bahaushe yana neman ƙirya domin turmi saboda taurinta, aduwa domin allo. Mai sassaƙa abin da za a yini ana rawa da shi kuwa marar nauyi yake nema, shi ya sa rimi da gurjiya suka yi fice a ƙasashen Burkina Faso da Mali. Itace mai tauri irin loko, wanda Yarbawa ke kira *ìrókò*, na ƙofofi ne da ginshiƙan fada, kuma ba a sare shi sai an yi wa mai zama a cikinsa sadaka. Ɗanye ake sassaƙawa, domin ya fi bin gizago, sa'an nan a busar a inuwa a hankali kada ya tsage. Wannan zaɓi na itace mai laushi, haɗe da gara da damshi, shi ya sa yawancin fuskokin da ke gidajen tarihi ba su wuce ƙarshen ƙarni na 19 ba a tsufa. Masu abin ba su ɗauki wannan asara ba. In ta lalace sai a sassaƙa wata, dodon yana nan.

Mafi cikar bayanin matakan aikin ya fito ne daga Oye-Ekiti, inda wani limamin Katolika, Kevin Carroll, ya kula da wata masassaƙa daga 1947 zuwa 1954, ya zauna da masu aikin yana rubuta kalmominsu, ya buga a littafinsa na 1967. Matakai huɗu suka ba shi. Na farko *ọnà lílé*, wato sarar farko da babban gizago, inda ake raba gungumen zuwa manyan sassa: nan kai, nan jiki, nan doki. Na biyu *àlétúnlé*, maimaita saran da ƙaramin gizago har kunne ya rabu da kunci, hannu ya rabu da ƙirji. Na uku *dídán*, goge sawun gizago da wuƙa da ganyen wani nau'in ɓaure mai kaushi har jikin ya yi santsi. Na huɗu *fínfín*, yanka ƙananan layuka masu kaifi: kitso, tsagar fuska, fatar ido, adon riga. Abin sha'awa shi ne yadda aka raba aikin. Almajiri da *dídán* yake farawa, ya daɗe a kai, *ọnà lílé* kuwa na maigida ne, domin a nan ake yanke hukuncin da ba ya gyaruwa. Baƙo yakan ɗauka gwaninta tana cikin ƙananan zane-zanen ƙarshe. Masu sana'ar sun ajiye ta a saran farko, lokacin da abin bai yi kama da komai ba.

Bayan kalmomin aiki akwai na hukunci. Robert Farris Thompson ya tattara wasu daga bakin masu kallo ya buga a 1973, daga ciki akwai *jíjọra*, kama da mutum ba tare da zama hoton wani takamaimai ba, da *ìfarahàn*, fitowar kowane sashe sarari yadda ido zai kama shi daga nesa, da *tútù*, sanyin fuska da natsuwa. Rowland Abiodun ya ƙara da *ojú-inú*, idon zuci, da *ojú-ọnà*, idon fasaha. Harshen da yake da kalmomin sukar aiki irin waɗannan harshen mutanen da ke bambanta gwani da ɗan koyo ne.

Launi shi ne na ƙarshe. Fari daga farar ƙasa, wadda Ibo ke kira *nzu*, Yarbawa *ẹfun*. Ja daga majigi ko jan dutse. Shuɗi daga baba, daga baya kuma bular wanki ta kanti. Mutanen Bwa na Burkina Faso suna dafa 'ya'yan bagaruwa, wadda majeman Hausa suka sani sarai, har ta yi kauri ta ba da baƙin da suke zana dogayen allunansu da shi, kuma sukan sabunta launin kafin lokacin rawa. Fentin gwangwani ya shigo tun zamanin mulkin mallaka, masu abin kuma suka karɓe shi hannu biyu.

Gwajin gaskiya a dandali yake. *Ẹpa* ta Ekiti da Igbomina takan haura mita ɗaya a tsayi, nauyinta ya wuce kilo 20: a ƙasa *ìkòkò*, tukunyar da kai ke shiga, a sama mahayin doki da 'yan rakiyarsa, ko uwa da 'ya'yanta, ko damisa a kan barewa. Saurayi zai ɗauke ta ya yi rawa, ya kuma yi tsalle ya hau tudun ƙasa da aka tara, faɗuwarsa kuwa mugun fata ne ga garin. Idan masassaƙi bai daidaita nauyin a tsakiyar kai ba, wuyan ɗan wani ne a kan layi. *Sirige* ta Dogon doguwa ce ƙwarai, takan kai mita huɗu ko fiye, mai rawa yana cije da wani karan itace da aka gitta a cikinta, yana sunkuyawa har ƙarshenta ya taɓa ƙasa gaba da baya. Babu ɗaya daga cikin wannan da ake gani a bayan gilashi.

5.0 Murya

Abin da ya fi ɓacewa idan aka rataye fuska a bango shi ne murya. Dodanni da yawa a ƙasar Ibo da tsakiyar Nijeriya suna magana ta cikin ɗan bututu da aka toshe bakinsa da yanar ƙwan gizo-gizo, sai muryar ta fito da wani irin amo da ba na ɗan Adam ba. A daren *Ẹ̀fẹ̀*, wanda ke gabatar da rawar *Gẹ̀lẹ̀dẹ́* a Ketu ta Jamhuriyar Benin da ƙasar Yewa ta jihar Ogun, dodon yakan kwana yana waƙa, yana yabon iyaye mata da ake girmama ikonsu, yana zambo da habaici ga duk wanda ya yi abin kunya a shekarar, komai girmansa. Da UNESCO ta ayyana *Gẹ̀lẹ̀dẹ́* a 2001, a matsayin gadon adabin baka ta ayyana shi. Dogon kuwa suna da *sigi so*, keɓaɓɓen harshen ƙungiyar dodanni, wanda Michel Leiris ya buga nazarinsa a 1948. Ana koyar da shi ga zaɓaɓɓun samari dangane da bikin *Sigi* da ake yi duk shekara 60. An yi na baya daga 1967 zuwa 1973, lissafin na gaba ya faɗa kan 2027. Rashin tsaron da ya addabi tsakiyar Mali a shekarun baya-bayan nan ya tarwatsa ƙauyuka da dama na yankin, harshe kuwa irin wannan a bakin mutane ƙalilan yake.

6.0 Sunan mai aiki

A 1924 aka baje wasu ƙofofi na fadar Ogoga na Ikere a bikin nunin kayan daular Ingila a Wembili. Suna nuna sarkin yana karɓar baƙuncin wani Baturen mulki da ake ɗauke da shi a ragaya. Gidan tarihin Birtaniya ya riƙe su, ya aika wa sarkin da kujerar sarauta ƙirar Ingila a madadinsu. Sunan wanda ya sassaƙa su bai bi su ba. A lokacin yana raye a Ise, tafiyar 'yan sa'o'i daga Ikere, kuma babu fadar Ekiti da ba a san shi ba: Ọlọ́wẹ̀, wanda ya rasu a 1938. Ya fi shahara da ƙofofi da ginshiƙai, amma labarinsa shi ne ya fi fito da matsalar fili. Shekaru da yawa bayan rasuwarsa aka ɗauki *oríkì* ɗinsa, wato kirarinsa, daga bakin ɗaya daga cikin matansa, sai ga shi yana lissafa garuruwan da ya yi wa aiki yana yabon yadda itace mai tauri ke yi masa biyayya. Wato jerin ayyukansa yana nan a adane tun tuni, a wurin da mai tara kaya bai san ana dubawa ba. Karin Barber ta nuna a 1991, a nazarinta na garin Okuku, cewa mata ne manyan ma'ajiyar *oríkì*, su kuwa ba su ne baƙon Bature yake yi wa tambaya ba. Sai a 1998 aka yi wa Ọlọ́wẹ̀ nuni na musamman da sunansa a Washintan, ƙarƙashin kulawar Roslyn Walker.

A fagen *Ẹpa* sunaye biyu suka fi tashi, dukansu daga yankin da ke jihar Kwara a yau. Ɗaya Bámgbóyè na Odo-Owa, wanda ya rasu a shekarun 1970, mai cika saman fuska da mutane hawa-hawa. Jami'ar Yale ta yi nunin ayyukansa a 2022. Ɗayan Areogun na Osi-Ilorin, wanda ya rasu a 1954. Areogun ma ba sunan yanka ba ne, gutsuren kirari ne da ke cewa yana samun kuɗi da kayan aikin Ògún, gunkin ƙarfe, wanda maƙera da maharba da masassaƙa suka yi tarayya a kansa. Ɗansa George Bandele shi ne babban gwani a masassaƙar Carroll, shi kuma ya koyar da Lamidi Ọlọ́nàdé Fakeye (1928 zuwa 2009) na Ila-Orangun, wanda ya koyar a Jami'ar Ife daga 1978. Silsila ce mai ban sha'awa: uba mai bin addinin gargajiya, ɗa Kirista, almajiri Musulmi, gizago ɗaya.

Ba Yarbawa kaɗai ba ne. Hans Himmelheber ya yi hira da masassaƙan Baule da Guro na Kwaddibuwa ya buga a 1935, Eberhard Fischer kuma ya rubuta rayuwar masassaƙan Dan huɗu, Tame da Si da Tompieme da Son, a 1963. Simon Ottenberg ya ambaci Chukwu Okoro na Afikpo a littafinsa na 1975. A wajen Baule abin ya wuce sunan mai yi, har da sunan wadda aka yi dominta: fuskar *mblo* da Owie Kimou ya sassaƙa a ƙauyen Kami wajen 1913 hoton wata mata ce mai suna Moya Yanso, kuma a da ba ta fita rawa sai matar, ko wakilinta, tana gefenta. Duk inda mai bincike ya zauna ya yi tambaya da harshen gida, ya sami suna. Inda ba a yi ba, sai masana suka koma ƙirƙirar laƙabi irin “Gwanin gari kaza” ta hanyar kwatanta yanayin kunne da ido, hanyar da William Fagg ya yi fice a kanta.

7.0 Kasuwa da fatake

Tun bayan da masu zanen Faris irin su Picasso suka fara leƙa gidan tarihin Trocadéro wajen 1907, fuskar itace ta sami kasuwar da ba ta da alaƙa da rawa. Wasu an ƙwace su, wasu an sace, wasu masu su ne suka yar ko suka sayar bayan sun karɓi Musulunci ko Kiristanci. A Gini gwamnatin Seku Ture da kanta ta yi yaƙi da dodanni a farkon shekarun 1960. Nijeriya ta kafa dokar kayan tarihi a 1953, ta sabunta da Doka ta 77 ta 1979, wadda ta hana fitar da abin da aka yi kafin 1918, ko wanda aka taɓa amfani da shi a bikin gargajiya, ba tare da izini ba.

Ma'aunin mai saye na Turai shi ne a ce abin tsoho ne, an yi rawa da shi, kuma ba domin sayarwa aka yi shi ba. Wannan ma'auni ya juya wa masassaƙi mai rai baya. Sabon aikinsa mai kyau ba shi da daraja sai an rataye shi a hayaƙin madafa, an shafe shi da ƙasa da mai, an goge cikinsa ya yi kama da wanda gumi ya ci, an kuma kankare fentin da mutanen garinsu suka fi so. Sunansa, in an sani, rage kuɗin yake yi, domin yana tabbatar da cewa abin na jiya ne. Ke nan rashin sunan da aka fara da shi bisa jahilci ya zama haja.

A tsakiyar wannan ciniki akwai Hausawa. Christopher Steiner ya nuna a littafinsa na 1994 cewa fataken Hausa suna cikin manyan dillalan wannan kaya a Abijan, suna bin ƙauyuka suna saye, suna tarawa a ɗakunan ajiya na unguwar Treichville, wasu har suna kaiwa Faris da Niyok. Musulmi ne, kuma ba su rasa mai yi musu gorin cinikin gumaka ba. Amsarsu tana cikin sunan da suka ba hajar: itace suke ce mata, kalmar da Bayarabe ma yake kiran sassaƙaƙƙen kan *Gẹ̀lẹ̀dẹ́* da ita, ko da yake dalilin kowa daban. Masassaƙan Ketu da Yewa, waɗanda suka saba ɗora duk abin da ya ratsa kasuwarsu a saman fuskar, daga keken ɗinki zuwa babur da jirgin sama, ba su bar baƙon nan na arewa ya wuce ba. A cikin fuskokin *Gẹ̀lẹ̀dẹ́* da aka tattara akwai masu nuna Bahaushe, *Gàm̀bàrí* a bakinsu, da gemunsa da rawaninsa.